Saniyar Gwaggo Hajjo

Yamai, 9 ga Oktoba 2023

Zuwa ga ƙanwata Zulaihatu, malamar lakwal, wato makarantar boko, a Urafane,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya mahaifiyarki Gwaggo Hajjo da ciwon gwiwa? Man shafawar da na yi mata alkawari yana cikin ledar da Ɗan Azumi direba zai ba ki tare da wannan ambulan. Mu nan ƙalau muke, sai maiɗakina Hamida da mura ta kwantar kwana biyu, ta kuwa tashi.

Kin sha yi mani dariya, wai da mata da ƴaƴa na koma aji kamar ɗan shekara bakwai. To, dariyarki ta kusa ƙarewa. Shekara goma sha ɗaya ina tsaron sito a kamfanin maganin dabbobi, ina kallon waɗanda na koya wa aiki suna wuce ni don suna da difilom. Jami'ar nan mai zaman kanta don irinmu aka buɗe ta. Ka tashi aiki, ka wuce aji da rigar buro a jikinka. A ajinmu akwai ma'aikatan banki, da jandarma ɗaya, da wata ungozoma da ta girme mu duka. Jami'ar tana da reshe a Dakar da Kazablanka, wasu malaman ma a allon bango muke ganinsu suna koyar da mu daga can.

Memwar ɗina, wato littafin binciken da ake rubutawa kafin a ba mutum difilom, a kan habbanaye na yi shi. Ba ke ɗiyar Fulani zan gaya wa habbanaye ba, amma su sai da na yi masu dalla-dalla: mai shanu ya ba ɗan'uwansa da ya rasa aron saniya, ya sha nononta, ta haihu sau uku, ƴaƴan su zama nasa, uwar ta koma garkensu. Malamar da ke duba aikina daga Dakar ta ce ba ta taɓa jin tsari mai kyau irin wannan ba. Har sun ce za su sa hoton Gwaggo da na ɗauka da damina a littafin tallar jami'a.

Don haka ga wata takarda nan, ki sa Gwaggo ta dangwala yatsa a ƙasa, alamar ta yarda. Kada ki wahalar da kanki wajen fassara mata, faransancin buro ne kawai. Ki ba Ɗan Azumi in zai juyo.

Yayanki,
Harisu Salisu

Urafane, 20 ga Oktoba 2023

Yaya Harisu, ɗalibi mai gemu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, an gama yankan gero, wake ne ya rage. A gaishe da Hamida, Allah ya ƙara sauƙi. Inna ta shafa man, ta ce gwiwa ta ji daɗi, sai dai warinsa ya hana kaji shiga ɗakinta.

Ga takardarka. Ranar kasuwa ce, Ɗan Azumi yana ta matsa hon, ni na kama yatsan Inna na dangwala a tawadar buron direktan lakwal ɗinmu, ban ko karanta ba tunda ka ce ba komai.

Da na gaya mata a kan habbanaye ka yi littafinka, sai ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ka san ta, ko za a kwana ana tambaya ba za ta ce uffan ba. Ni da ban gaji kunyarta ba zan faɗa: na ji daɗi da ka tuna saniyarmu Wule. Ina da shekara bakwai a shekarar da fara ta cinye gonaki, amma ban manta ranar da Inna ta kwance ta daga turke ta miƙa wa Baba Salisu igiyar ba, Allah ya jiƙansa. Kai ka ja ta tun daga rugarmu har gidanku, kana tafe kana shafa farin goshinta. Mutane suna cewa zumuncinmu ya yi nisa, wai kakarka Biba ƙanwar kakana ce kurum. Ni dai ban ga nisan ba.

Allah ya ba da sa'a. In ka zama babban mutum kada ka manta da mai dangwala yatsa.

Ƙanwarka,
Zulaihatu

Urafane, 28 ga Nuwamba 2023

Yaya Harisu,

Ina gaisuwa. Jiki lafiya, kowa lafiya. Abin da ya rage ba lafiya ba ne.

Jiya aka yi suna a gidan Lalla, dattijuwar nan ta cikin gari. Bashiru ɗan Kawu Salifu, wanda ke aiki a meri, ofishin magajin garin Mayahi, ya zo. Ashe shi ma ya rubuta sunansa a jami'arku, an ba shi littafin tallar nan mai sheƙi. Ya shigo har wajen mata yana ɗaga shi, yana cewa ga Hajjo a littafin Turawa. Ba da mugunta ya yi ba, murna yake. Mata suka ce ya karanta abin da aka rubuta ƙarƙashin hoton, ya kuwa fassara da Hausa, kowa na ji:

“Hajjo, makiyayiyar da mijinta ya rasu, fari ya bar ta ba ko akuya. Wani manomi mai tausayi, mahaifin ɗalibinmu, ya ba ta aron saniya, ta sake tsayawa da ƙafafunta.”

Na karɓe littafin na karanta da idona, ko Bashiru ne bai iya faransanci ba. Ya iya.

Tsofaffin da suka san yadda aka yi suka rufe baki da gyale. Matasan da ba su sani ba suka juyo suna kallon Inna da idon tausayi. Ita kuwa ta miƙo hannu, ta daɗe tana duban hoton, ta ce, “Ya yi kyau. Sai dai ya ɗauke ni ban ɗaura kallabin kirki ba.” Ta miƙa wa Bashiru abinsa, ta ci gaba da damun fura.

A hanya na ce mata gobe zan bi gida gida in faɗi gaskiya. Ta tsaya cak, ta ce, “Ni in bari a tashi cikin mata a ce ni na ba Salisu saniya? Shi da ke kwance cikin ƙasa? Wanga gori ne. Tun da munka tashi ba mu ga an yi haka ba. Ki kama bakinki.”

To ka gani. Ka zaɓi mutumin da ba zai taɓa buɗe baki ya ƙaryata ka ba. Ni kuma da hannuna na kama yatsanta na dangwala, ni mai koya wa yara cewa kada su sa hannu a abin da ba su karanta ba. Yau na tsaya gaban aji na kasa haɗa ido da su.

Ban kira ka a talho ba, don ba na so in ji muryarka tana laluben mafita. Ka zauna ka rubuto mani dalili.

Zulaihatu

Yamai, 2 ga Disamba 2023

Ƙanwata Zulaihatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya, Gwaggo da gwiwa, yara da karatu. Mu ma lafiya. Shiru shiru ban ji ki ba, ko aikin lakwal ne ya sha kanki?

Albishirinki. Cikin mu arba'in, mutum uku aka zaɓa su yi sutunans gaban alƙalan haɗin gwiwa, wato ka tsaya ka kare littafinka suna yi maka tambayoyi, biyu a nan Yamai, biyu ta allo daga Dakar. Ina cikin ukun. Ranar 20 ga Janairu ce. Wanda ya yi fice za a kai shi reshen Dakar wata uku. Da na gaya wa shugabana a wurin aiki, ya dafa kafaɗata ya ce in na kawo difilom ni zai ba riƙon sabon siton Maraɗi. Kin ga ke nan na matso kusa da gida.

Ki ce wa Gwaggo ta zama sananniya. Hotonta yana manne a ƙofar jami'a, an ce har Kazablanka ya kai. Ta fara neman mai riƙe mata jaka tun yanzu. Ga wani kwalin man shafawa nan, wannan ba shi da wari.

Yayanki,
Harisu

Urafane, 15 ga Disamba 2023

Harisu,

Muna lafiya.

Na karanta amsarka. Na tambaye ka dalili, ka aiko mani da barkwanci da man shafawa. To bari in ba ka labarin sananniyar taka.

Shekaranjiya surukar Lalla, yarinya ce da aka auro daga Kona, ba ta san komai na da ba, ta zo ruga da tiya biyu ta gero a ƙwarya. Ta durƙusa ta ce, “Inna, ba mu san haka kika sha wuya ba, ga wanga ki yi kunu.” Sadaka ta kawo wa matar da garkenta ke tada ƙura in ya taso daga rijiya, matar da ba a taɓa jin ta roƙi ko gishiri ba. Ina tsaye ina jira in ga ta maida. Ta sa hannu biyu ta karɓa, ta yi wa yarinyar addu'a mai tsawo. In ta ƙi karɓa sai ta faɗi dalili, in ta faɗi dalili sai ta tona ka, ta tona Baba Salisu.

Na zaga bayan rumbu na yi kukana. Ina jin haushinka, ina jin haushin kaina, har ita ina jin haushinta.

Man yana hannun Ɗan Azumi, ka karɓi abinka.

Zulaihatu

Yamai, 27 ga Disamba 2023

Zulaihatu,

Ina gaishe ki, in za ki amsa. Lafiyata ƙalau, ban ma san me zan yi da ita ba.

Jiya Ɗan Azumi ya ba ni takardunki biyu a haɗe. Motarsa ce ta lalace a hanya ƙarshen Nuwamba, ta farkon ta yi wata guda cikin aljihun motar a gareji, shi yana jan wata motar. Wallahi lokacin da na rubuta maki zancen riƙe jaka ban ga komai ba. Amma wannan ba ya wanke ni, don ko ban ga takardarki ba na san abin da na rubuta a littafina.

Kin nemi dalili. Ba ni da mai kyau, ga dai wanda nake da shi.

A makon farko na shekarar bara, malamar Dakar ta ce kowa ya faɗi abin da danginsa suka taɓa yi wa al'umma. Wani ya ce mahaifinsa ya gina rijiya. Wata ta ce kawunta ne ya kawo asibiti garinsu. Suna ta zuwa, layi yana matsowa kaina, ni ina zaune da takalmin da na sa aka ɗinke sau biyu. Da aka zo kaina na buɗe baki in ba da labarin Wule, sai na ji na ce mahaifina ne ya ba da ita. Kalma ɗaya na juya. Aji ya tafa. Malamar ta ce ga memwar ɗinka nan, kada ka nemi wani. Daga nan kullum ina cewa gobe zan gyara, kullum littafin yana ƙara kauri a kan ƙaryar. Da suka nemi hoto na je na ɗauki Gwaggo tana dariya, ta ba ni nono mai sanyi na sha, na dawo.

Abin da na ji kunyarsa a ajin nan shi ne a san cewa mun taɓa kwana uku ba a hura wuta a gidanmu ba, kuma mace ce, Bafulatana, ta tsamo mu. Baba bai taɓa jin kunyar wannan ba. Na tuna ranar da ya maida Wule bayan haihuwarta ta uku. Ya wanke ta da hannunsa, ya sayi turmin atamfa da goro, ya bi ta tsakiyar kasuwa da ita don kowa ya gani. Maraƙinta na fari aka sayar aka kai ni kolej a Tasawa. Faransancin da na yi ƙaryar da shi, Wule ce ta saya mani.

Yanzu ga inda nake. In na yi shiru ranar 20, zan ci, na sani. In na faɗa, dokar jami'a a fili take game da wanda ya ƙirƙiri bayani a bincike. Hamida ta riga ta gaya wa danginta za mu koma Maraɗi. Ban iya gaya mata ba tukuna.

Ki gaya mani abin da zan yi. Ko ki tambayar mani Gwaggo.

Harisu

Yamai, 22 ga Janairu 2024

Zulaihatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Kusan wata guda ina zuwa tasha duk ranar da Ɗan Azumi ya iso, yana girgiza mani kai tun daga nesa. Na gane ba za ki ɗauke mani ko kaɗan daga kayan ba, kuma kin yi daidai.

An yi sutunans shekaranjiya. Kada ki ɗauka wata jarumta na yi. Na shiga da niyyar yin shiru. Na gaya wa kaina in na sami difilom zan gyara daga baya, in je in durƙusa gaban Gwaggo a ɓoye. Na yi minti goma ina bayani tiryan-tiryan, har aka haska hotonta a allo, ya cika bango. Sai wani dattijo daga Dakar ya ce, wannan baiwar Allah, me ta ce wa mahaifinka ranar da ya miƙa mata igiyar?

Na san abin da aka ce ranar, don ina wurin. Gwaggo ta ce, “Salisu, kama mani wagga, ta cika ci, na gaji da ita.” Ta maida abin kamar shi ke yi mata alfarma. Na tsaya da maganar nan a bakina, ba ni da yadda zan sa ta a bakin Baba. Na ce masu ita ce ta ba da saniyar, mu aka ba. Muryata ba ta fita ba, sai da aka ce in maimaita.

Malamata ta cire tabarau ta ajiye. Ita ce ta tsaya mani shekara biyu, ita ta kai sunana gaba, na kunyata ta gaban abokan aikinta. Sun fitar da ni, suka yi shawara. Ba su kore ni ba. Sun soke littafin, sai na sake wani daga farko, shekara guda ke nan. Dakar ta wuce. Siton Maraɗi shugabana ya ce ba zai jira ba. Hamida ba ta yi faɗa ba, ta dai ce ni zan je in gaya wa danginta da bakina.

An cire hoton daga ƙofa da kuma shafin jami'a. Littattafan da aka riga aka raba kuwa ba mai iya tattaro su.

Ga wata takarda nan na rubuta da Hausa, na faɗi yadda aka yi tun daga shekarar fara, na sa hannu. Ki ba Bashiru ya karanta a gidan Lalla, inda ya karanta waccan. Ni ba zan iya zuwa ba. Ban san da wane ido zan dubi Gwaggo ba.

Harisu

Urafane, 10 ga Fabrairu 2024

Yaya Harisu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Gwiwar Inna ta tashi kwanan nan, ka aiko da man da na maida, ko da yake mai warin ya fi aiki. A gaishe da Hamida, ka ce mata na jinjina mata.

Na karanta wa Inna takardunka biyu, ban tsallake layi ba. Da na zo wajen takalmin da aka ɗinke sau biyu ta ce in sake karantawa. Da na zo wajen “ta cika ci” ta yi dariya har da hawaye, ta ce Wule kam ta cika ci, ba ƙarya ta yi ba.

Takardar da ka ce Bashiru ya karanta kuwa, ta karɓe ta sa ƙarƙashin tabarma. Ta ce ba mai karanta ta. Na yi faɗa, na ce to sai a ci gaba da kawo maki sadaka? Ta bar ni na gama, sannan ta ce in ɗauko alƙalami in rubuta maka maganarta yadda ta faɗe ta. Ga ta:

“Harisu, ni ban san Dakar ba, ban san abin da sunka hana ka ba. An ce shekara guda za ka sake. To shekara guda da iyali ba wasa ba ce. Akwai wata karsana nan, jikar jikar Wule ce, farin goshin ma ta ɗauko. Ta dame ni da ɓarna, ka zo ka kama mani ita. Zubairu ƙanenka shi yi kiwonta a gidanku. In ta haihu ukku ka maido mani abata. Amma ba a aiko ɗan saƙo, ba a aiko mota. Wanda za a ba shi ka zuwa da ƙahwatai.”

Ta ƙara da cewa ranar kasuwa za ka zo, don ranar ce kawai take da sukuni. Ni da kai mun san Inna ba ta da wani aiki ranar Talata ko Laraba da ya fi na ranar kasuwa. Kuma ka san hanya ɗaya ce daga ruga zuwa gidanku, ta gaban rumfar masu gero, ta ƙofar gidan Lalla. Za ka bi ta a ƙasa da rana tsaka, da igiya a hannu, kowa ya ga wanda ya kwance da wanda ya ja. Ita ba za ta ce komai ba, ba kuma za ta bari kai ka ce ba.

Ban yafe maka duka ba tukuna, kada ka ɗauka. Amma zan tsaya a bakin lakwal in ga wucewarka.

Ka zo da igiyarka. Ta ce saniya take ba da aro, ba igiya ba.

Ƙanwarka,
Zulaihatu

Yamai, 16 ga Fabrairu 2024

Zulaihatu,

Lafiya lau muke, Allah ya sa ku ma haka. Na karɓi izinin kwana uku a wurin aiki. Na sayi igiya jiya, man Gwaggo kuma yana cikin jakata.

Ki ce mata ina tafe kasuwa mai zuwa. Kada a turo kowa ya tarye ni a tasha. Na san hanyar, na taɓa bin ta.

Yayanki,
Harisu ɗan Salisu